Dandalin Masu Mota: Tsohuwar motar da ke ƙin tashi bayan ta yi tafiya

Daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a inuwa a Tawa, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Yamai, akwai wata cuta da ke yawaita ga tsofaffin motoci, wadda direbobi da fasinjoji suka sani sarai. Da asuba mota tana tashi da murɗa makulli sau ɗaya, ta ci kilomita ɗari biyu ba tari ba gardama. Amma da zarar an kashe ta a shingen jandarmomi, ko a gidan mai, ko don a yi sallar azahar, sai ta ƙi tashi. A murɗa, a sake murɗawa, a tura, a gaji. Bayan rabin sa'a ko sa'a guda, ba tare da an taɓa mata komai ba, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Wannan hali yana jawo asara iri biyu. Ta farko ita ce ta kan hanya: tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, ko tsakanin Tasawa da Takeita, tsayuwar sa'a ɗaya tana iya sa dare ya riski mota a daji, ko tumatir ya lalace, ko marar lafiyan da ake gaggawar kaiwa asibiti ya ƙara galabaita. Ta biyu ita ce ta garaji, domin mai mota yakan kai ta da safe tana da sanyi, makanike ya murɗa ta tashi, ya rasa abin da zai kama, sai ya shiga canje-canje bisa zato: yau batiri, gobe bobin, jibi famfon mai. Tun daga watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa har faran ɗin Faransa ɗaya ya koma sefa 100 maimakon 50, masu mota a ƙasar nan suka san cewa kayan gyaran da ake shigowa da su ba abin sayen gwaji ba ne. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a binciki motar a lokacin da take ƙin tashin, tana da zafinta, domin a lokacin ne kaɗai ciwon yake bayyana.

Me ya sa sai bayan an kashe ta?

Inji mai lafiya yana aiki da ruwan radiyater mai zafin digiri 80 zuwa 90. Muddin mota tana gudu, ruwa yana zagayawa, fanka tana juyawa, iska tana ratsa ƙarƙashin kapo, kuma sabon mai mai sanyi yana ta zuwa daga tanki. Da an kashe inji, duk waɗannan suna tsayawa lokaci ɗaya, alhali ƙarfen injin da bututun hayaƙi suna cike da zafi. Wannan zafi ba shi da mafita sai ya bi abin da ke kusa da shi: karbirater, famfon mai, bobin, demarer da wayoyi. Shi ya sa a cikin mintuna goma zuwa ashirin na farko bayan tsayawa, waɗannan kaya sukan fi zafi fiye da yadda suke a kan hanya. Duk wanda ya tsufa a cikinsu, a wannan lokaci ne yake gazawa, idan kuma ya huce sai ya koma aiki.

Motocin da abin ya fi shafa su ne masu karbirater da delko, irin su Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968, da Renault 4, da tsofaffin Toyota da Land Rover. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kayanta ba su yanke ba a kasuwannin kan iyaka. Sauƙin waɗannan motoci shi ne ba su da ɓoyayyen abu. Inji yana bukatar abu huɗu kafin ya tashi: a juya shi da ƙarfi, ya samu mai daidai gwargwado, ya samu wuta a kan lokaci, kuma silinda ta matse abin da ta shaƙa. Duk binciken a kan waɗannan huɗu yake.

Tambaya ta farko: demarer yana juyawa?

Kafin a buɗe kapo, kunne ne zai fara aiki. Idan an murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙara ɗaya "ƙas", ko injin yana juyawa a hankali kamar mai nishi, to matsalar tana tsakanin batiri da demarer, babu ruwan karbirater. Idan kuwa demarer yana juya injin da ƙarfinsa na kullum amma injin bai kama ba, to batiri da demarer sun fita daga zargi, sai a koma ga mai da wuta. Rashin rarrabe waɗannan biyu shi ne ke sa a sayi sabon batiri a banza.

Demarer yana jan lantarki mai yawa, daga amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar mota mai isansi. Wayar jan ƙarfe kuwa, gwargwadon zafinta gwargwadon yadda take tauye lantarkin da ke bi ta cikinta. Tsakanin digiri 20 da digiri 100 wannan tauyewa tana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100. Sabon demarer ba ya jin wannan. Amma wanda gawayinsa ya cinye, ko zoben da sandarsa ke juyawa a ciki ya yi faɗi, da safe yana iya aikin da ƙyar, da rana kuwa ya kasa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar kayan aiki. A kunna manyan fitilu, mutum ɗaya ya tsaya gaba yana kallo, ɗaya ya murɗa makulli. Idan fitilun suka dusashe ƙwarai ko suka mutu, to ko batiri ya yi rauni, ko kos ɗin da ke kansa sun yi gishiri ko sun kwance, ko kuma demarer yana jan wutar da ta wuce kima. Idan fitilun ba su motsa ba sam, kuma demarer bai juya ba, to wuta ba ta isa gare shi. Sai a duba makullin kontak, da ƴar wayar da ke zuwa ga solenoyid, wato ɗan gwangwanin da ke manne a bayan demarer, da solenoyid ɗin kansa. Bayan an murɗa na ɗan lokaci, a taɓa kos biyu na batiri da mahaɗar wayar mas, wadda ke haɗa batiri da jikin mota da inji. Mahaɗar da ta yi zafi fiye da sauran, a nan lantarki yake maƙalewa. Kankare ta da ɗaure ta sau da yawa shi ne dukan maganin.

Wanda ke da ma'aunin lantarki yana iya tabbatarwa da lamba. Cikakken batiri da ya huta yana nuna bolt 12,6. Lokacin da demarer ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da bolt 10 da yawa ba. Idan inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13,8 da 14,4. Abin da ya gaza haka yana nufin altarnater ba ya cika batiri, ko kuruwar da ke juya shi ta saki. Irin wannan mota takan tashi da safe saboda batirin ya ɗan farfaɗo da dare, sai tafiyar rana ta zuƙe shi. Zafin ƙasar nan kuma yana ƙafar da ruwan batiri, don haka a riƙa dubawa, a ƙara tataccen ruwa na batiri kaɗai, ban da ruwan rijiya ko na famfo, ban da ƙarin asid.

Akwai dalilai biyu kuma da ke sa inji mai zafi ya yi nauyin juyawa alhali demarer lafiyarsa lau. Na farko, idan an murɗa delko har wuta tana zuwa da wuri fiye da kima, sai ta riƙa tura fistan baya tun bai kai sama ba, a ji injin yana juyawa yana tokarewa. Na biyu ya fi muni: injin da ya tafasa saboda ƙarancin ruwa ko man inji, fistan sukan kumbura su kama. Idan allurar zafi ta hau ja kafin a tsaya, kada a tilasta masa. A bar shi ya huce sarai, a duba ruwa da mai.

Idan mai ya yi yawa

A cikin motoci masu karbirater, wannan shi ne dalilin da ya fi yawa. Isansi gauraye ne na mai iri-iri, mafi sauƙi a cikinsu yana fara tafasa tun kusan digiri 35 zuwa 40, mafi nauyi kuma sai wajen digiri 200. A jikin karbirater akwai ɗan kwano da ke riƙe da mai. Idan an kashe inji zafi ya hau, man da ke cikin kwanon yakan tafasa, ya malala cikin maƙogwaron inji, tururinsa ya cika wurin da iska ya kamata ta bi. Idan direba ya dawo ya murɗa, abin da silinda ke shaƙa mai ne zalla babu isasshiyar iska, wuta kuwa ba ta kama mai sai da iska. Makanikai suna cewa motar ta sha mai.

Alamominsa a fili suke. Idan an sake tayar da motar minti ɗaya ko biyu bayan kashewa, tana tashi. Idan ta yi sa'a guda ko fiye, tana tashi. Amma tsakanin minti goma da rabin sa'a sai gardama. Ana jin warin isansi a gaban mota, kuma idan ta tashi takan fitar da baƙin hayaƙi na ɗan lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne direba ya riƙa taka totur yana saki, domin kowace takawa tana fesa ƙarin mai a kan wanda ya riga ya yi yawa. Abin da ya dace shi ne a taka totur a hankali har ƙasa sau ɗaya, a riƙe shi a nan, a murɗa makulli na daƙiƙa goma, a sassauta ƙafa da zarar injin ya kama. Buɗe ƙofar iska gaba ɗaya shi ke share tururin. Idan bai kama ba, a huta rabin minti kafin a sake, don kada demarer ya ƙone.

Maganin dindindin yana garaji. A duba ƴar allurar da ke rufe ƙofar mai, wadda makanikai ke kira puwanto, domin idan ta cinye ko datti ya tokare ta, mai yana ci gaba da shiga kwano bayan an kashe inji. A duba fulotar, ɗan abin da ke yawo a kan mai yana tura allurar. Idan ya huje ya cika da mai, yakan nutse. A duba kuma faifan da ke tsakanin karbirater da inji, wanda aikinsa hana zafi hawa; wasu sukan cire shi lokacin gyara su manta, ko su maye gurbinsa da kwali. Haka nan shok, wato murfin da ke rage iska don tayar da inji mai sanyi, idan ya maƙale a rufe yana kawo wannan ciwo. A nan akwai ruɗani da ya kamata mai zuwa sayen kaya a Jibiya, Katsina ko Kano ya sani: abin da faransanci ke kira "starter" shi ne shok, amma a hayin iyaka idan an ce sitata demarer ake nufi.

Idan mai bai iso ba

Zafin nan dai yana iya haifar da akasin haka. Famfon mai na waɗannan motoci a jikin inji yake manne, kuma zuƙo mai yake yi daga tanki. An yi shi don ya ja ruwa. Idan man da ke cikinsa ko cikin tiyo ya koma tururi, sai ya riƙa bugu a banza, kwanon karbirater kuma ya ƙafe. Irin wannan yakan sa mota ta mutu da kanta a cikin cunkoso, ko bayan hawan tudu da kaya, ko ta tashi ta yi ƴan mitoci ta sake mutuwa.

Rarrabewa tsakanin wannan da wancan ba wuya. Inji yana kashe, a cire murfin matatar iska, a leƙa maƙogwaron karbirater, a ja totur da hannu sau ɗaya. A mafi yawan karbirater za a ga siririn mai ya feso. Idan ya feso, akwai mai a kwano. Idan babu komai, kuma wurin a bushe yake, to mai bai iso ba. Kada a taɓa leƙa wurin nan yayin da wani ke murɗa makulli, domin wuta tana iya dawowa ta nan ta ƙone fuska.

Taimakon kan hanya shi ne a buɗe kapo, a jiƙa tsumma da ruwa a ɗora a kan famfon mai da tiyon da ke zuwa karbirater, a jira mintuna kaɗan. Idan motar ta tashi bayan haka, an gano inda ciwon yake. Daga baya sai a duba ko tiyon mai ya matsa kusa da bututun hayaƙi, ko matatar mai ta toshe, ko fatar da ke cikin famfon ta gaji. A kuma buɗe murfin tanki a saurara: idan aka ji ya shaƙi iska da ƙarfi, to ƴar kafar da ke barin iska ta shiga tanki ta toshe, kuma famfo ba ya iya zuƙo mai daga tankin da iska ba ta shigarsa. Wannan yakan faru ga waɗanda murfinsu ya ɓace suka toshe bakin da leda da roba.

Ingancin man ma yana da nasa rabo. Matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, Najeriya kuma ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, abin da ya sauya cinikin ruwa-ruwa a garuruwan kan iyaka. Amma duk inda aka sayi mai a kwalba ko jarka, haɗarin iri ɗaya ne: ƙura, ruwa, wani lokaci da gaurayen kananzir. Datti kaɗan ya isa ya tokare puwanto ko ya toshe matata. Wanda dole ta sa shi sayen irin wannan mai, ya tace shi da kyalle mai tsabta, ya kuma riƙa sauya matatar mai a kai a kai, domin ita ce mafi araha a cikin dukan kayan da aka ambata.

Idan wuta ce ta ɓace

Batiri yana ba da bolt 12, buji kuwa yana bukatar dubbai, wajen 15.000 zuwa 20.000, kafin tartsatsi ya tsallaka bakinsa. Bobin ne ke wannan aiki, da taimakon filatin da ke buɗewa yana rufewa a cikin delko, da ɗan kondansater da ke gefensa. Sunan delko kansa daga wani kamfanin Amurka ya samo asali, Delco, na injiniya Charles Kettering, wanda ya sa demarer na lantarki a motar Cadillac a 1912. A cikin bobin akwai siririyar waya mai dubban naɗi. Idan ta tsufa ta tsinke ko rufinta ya ƙone a wani wuri, da sanyi bakin tsinkewar yana haɗe, da zafi sai ya buɗe. Kondansater ma haka yake yi. Alamar wannan ciwo ita ce motar takan fara tari da fizga a kan hanya kafin ta mutu, ba a jin warin mai da farko, kuma ba ta tashi sai bobin ya huce.

Gwajinsa shi ne a zare babbar wayar tsakiya daga kan delko, a riƙe ta da filaya mai roba ko busasshen itace, bakinta ya kusanci ƙarfen inji da kamar rabin santimita, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara yana nuna bobin da filatin lafiya. Ja ko rawaya mai rauni, ko rashinsa baki ɗaya, yana nuna ciwon yana nan. Sharaɗi shi ne kada a yi wannan gwaji kusa da karbirater, ko inda mai ya zuba. Idan tartsatsin wayar tsakiya yana da kyau amma buji ba sa samu, sai a duba kan delko da ɗan abin da ke juyawa a cikinsa, domin tsaga mai kamar gashi tana iya zubar da wuta idan ta ji zafi. Wanda zai cire wayoyin buji ya yi musu alama tukuna, kada ya musanya su.

Ratar filatin a mafi yawan waɗannan injuna wajen milimita 0,4 ce, ta buji kuma 0,6 zuwa 0,7, amma littafin kowace mota shi ne alƙali. Bobin yakan yi ɗumi a aikinsa. Wanda hannu ba ya iya taɓawa sam abin zargi ne. Abu biyu ke kashe shi da wuri. Ɗaya shi ne barin kontak a buɗe inji yana kashe, don sauraron rediyo a tasha. Ɗayan shi ne sa bobin da aka yi don aiki tare da rezistans, wato abin rage wuta, a motar da ba ta da shi. Kondansater na jabu kuma sun yi yawa a kasuwa, har sabo yakan mutu cikin mako; shi ya sa direba mai dabara ba ya jefar da tsohon da ke aiki, yana ajiye shi a akwatin mota tare da filatin ɗaya da buji biyu.

Supap da kulas

Idan akwai mai, akwai wuta, amma injin yana juyawa da sauri da sauƙi fiye da kullum kamar babu komai a cikinsa, to matsewa ce ta ragu. Tsakanin kowace supap da abin da ke danna ta akwai ƴar rata da masu ƙera inji suka bari, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi. Idan ratar ta ƙare, da sanyi supap tana rufewa, da zafi kuwa sai ta tsaya a ɗan buɗe, abin da silinda ta shaƙa ya tsere. Tun daga farkon 2006 aka daina sayar da isansi mai darma a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kuma a wasu tsofaffin injuna, musamman masu kulas na baƙin ƙarfe, darmar nan ce ke kare mazaunin supap daga cinyewa; idan mazauni ya cinye, rata tana raguwa. Daidaita ratar aiki ne na ƙasa da sa'a guda da siraran ƙarafan awo. Barinta kuwa yana ƙone supap, sai an sauke kulas.

Kulas na 504 na alminiyam ne, ba ya jure tafasa. Yakan lanƙwashe, juwan da ke ƙarƙashinsa ya ƙone, ruwa ya riƙa ɗiga cikin silinda bayan an kashe inji. Farin hayaƙi mai yawa, ruwan radiyater da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da man inji da ya koma kamar kunu, su ne shaidunsa. Wasu 404 da 504 kuma suna da fanka da ke kamawa da lantarki sai ruwa ya yi zafi; idan ta daina kamawa, mota takan tafasa a cikin gari alhali a kan kwalta lafiya lau.

Masu gazuwal da masu allura

Injin gazuwal ba shi da bobin ko karbirater. Idan yana tashi da sanyi yana ƙi da zafi, sau da yawa famfon allura ne ya cinye daga ciki: gazuwal mai zafi yakan tsinke, ya zurare ta wurin da ya cinye, famfon ya kasa tara ƙarfin buɗe allurai a gudun demarer. Shi ya sa irin wannan mota takan tashi idan an tura ta. Demarer mai rauni, iska a cikin tiyo, da ɗan makullin lantarki da ke yanke gazuwal, su ma a duba su kafin a sauke famfo. Dabarar nan ta kwara ruwan sanyi a kan famfo tana tayar da mota, amma tana iya sa ƙarfen cikinsa ya kama, a yi asarar famfon gaba ɗaya.

Motocin isansi masu allura, waɗanda suka riƙa shigowa da yawa ta tashar Kwatano tun shekarun 1990, su ma sun tsufa yanzu. A wurinsu abin da aka fi kamawa shi ne na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota juyawar inji, wadda ke yankewa da zafi, sai wuta da mai su ɗauke tare. Sai kuma rele na famfon mai, da allurar da ke ɗiga bayan an kashe inji. Idan an buɗe kontak, a mafi yawansu ana jin famfon mai ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Rashin jin sa alama ce. A irin waɗannan motoci ba a gwada tartsatsi da waya tsirara, sai da buji a bakinta yana jingine da ƙarfen inji, don kada a ƙona na'urar wuta.

Abin da ba a yi

Garin neman gira kada a rasa ido. Ba a buɗe murfin radiyater inji yana da zafi, domin ruwan yana cikin matsi, ya wuce digiri 100, kuma zai feso a fuska. Ba a kwara ruwan sanyi a kan kulas ko jikin inji, domin ƙarfe yana tsagewa. Ba a zuba isansi a bakin karbirater wani yana murɗa makulli. Motoci da yawa sun ƙone ta haka, da hannuwan ƴan aparanti. Idan za a tura, a buɗe kontak, a sa giya ta biyu, a saki kuloci bayan mota ta yi gudu, kuma a tabbata fasinjojin da ke turawa ba sa tsakanin motar da wata. Turi yana taimako ne idan ciwon na batiri ko demarer ne. Motar da ba ta da wuta, ko an tura ta daga Madawa zuwa Galmi ba za ta tashi ba.

Abin da mai mota zai kai wa makanike ya fi motar kanta amfani: tsawon tafiyar da aka yi, mintunan da ta yi a kashe, irin ƙarar da demarer ya yi, ko an ji warin mai, launin hayaƙin da ya fita, da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta tashi. Ya nemi a zagaya da ita har ta yi zafi, a kashe ta a garajin, a jira ciwon ya zo, a gwada a gabansa. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da mai araha, kuma a mayar masa da tsohon kayan da aka cire. Makaniken da ya san aikinsa ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma waɗannan tsofaffin motoci su ne ke kai mutane da kaya kasuwannin ƙauye inda manyan motocin kamfani ba sa shiga. Kafin zafin bazara ya kankama, kankare kos, sauya matatar mai, daidaita filatin da supap, da wanke radiyater, aikin yini ɗaya ne a garaji. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.